INJIN DA BA SHI SHAN MAI: MI NE NE GASKIYAR MAGANA?



Duk mai lambu a gulbin Maraɗi ko gulbin Kaba ya san abin da ke cinye ribarshi: kuɗin man injin ban ruwa. Don haka in anka ce ga wani inji da ba shi shan isansi, ba shi shan gazuwal, ba shi bukatar rana ko iska, dole mutum shi kasa kunne. Kuna ganin hotunan irin waɗannan injuna cikin salula. Wani an haɗa shi da batir da dinamo. Wani an jera mashi mayen ƙarfe bisa ƙafar keke. Wani kuma an ce ruwa kaɗai shike sha. Kafin ɗayanku shi saida rago ko buhun wake don shi ba da kafin alƙalami, ku zo mu duba maganar tare.

ƘARFI DAGA INA SHIKE FITOWA?

Jaki shina jan amalanke don ya ci harawa. Harawa kuma ta girma da ruwan sama da hasken rana. Ku tuna da dinamon keke. In kunka jingina shi ga taya, fitila ta kama, amma nan take feda ta ƙara nauyi. Hasken nan daga ƙafarku ya fito, ƙafarku kuwa tuwo ta ci.

Wutar lantarki, wadda muke ce ma kuran, ita ma haka take. Layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa shi ke kawo ta Maraɗi da Damagaram. A can Najeriya, ruwan madatsa irin ta Kainji ko iskar gas ke juya injunan. Da anka yanke layin a watan Agusta na 2023, kowa ya ga cewa waya ita kaɗai ba ta haifar da wuta.

A shekarun 1840 wani Bature ɗan Ingila mai suna James Joule ya auna wannan abu da ma'auni. Shi da waɗansu masana sunka tabbatar da doka guda: ƙarfi ba shi fitowa daga babu, kuma ba shi ɓacewa. Kama kaɗai shike sakewa: daga mai zuwa zafi, daga zafi zuwa motsi, daga motsi zuwa kuran. Har yau ba a samu injin da ya karya dokar nan ba.

LISSAFIN RUMBU

Ga yadda ake haɗa injin da anka fi tallatawa. Batir shina juya mota ƙarama ta kuran. Motar tana juya dinamo. Dinamo shina maida wuta cikin batir. Mai talla sai shi ce maku: tun da wutar na komawa inda ta fito, ba ta ƙarewa.

Mu yi lissafi da tiya. Batir shi ne rumbu. Kun ɗebi tiya 100. Motar kirki tana maida wajen 80 su zama motsi, sauran su tafi cikin zafi. Dinamon mota na maida wajen rabi da ɗan abu su zama kuran, sai ku tashi da tiya 45 ko 50. Wayoyi da batir su ma suna cin nasu rabo. Abin da ke komawa rumbu bai kai rabin abin da kunka ɗiba ba, alhali ko ƙwan fitila ɗaya ba ku kunna ba tukuna. Ku taɓa injin bayan ya yi aiki: zafin da kunka ji, nan hatsinku ya zube.

To don mi shike aiki ranar talla? Don rumbun a cike shike. Babban batir mai bolt 12 shina iya riƙe ƙwan fitila da fanka awa da yawa. Mai talla minti goma kaɗai shike bukata. Ku ne za ku ga ƙarshen abin a gida, bayan ya tafi.

MAYEN ƘARFE DA RUWA FA?

Mayen ƙarfe shina jan ƙusa, gaskiya ne. Amma in kuna son shi sake janta, sai kun ɓanɓare ta da ƙarfinku. Abin da ya ba ku wajen ja, shi za ku biya wajen ɓanɓarewa. Kamar mai keke ne da ya ji daɗin gangara: in zai koma gida, hawa na jiranshi.

Ruwa kuma, cikinshi akwai wata iska mai kama wuta da ake kira idrojen. Sai dai ruwa shi ne abin da ke saura bayan iskar nan ta riga ta ƙone, kamar yadda toka ke saura bayan itace. Ana iya raba ruwa da kuran a fidda iskar. Amma kuran da za a kashe ya fi ƙarfin da za a samu in anka ƙone ta. Ba a dafa tuwo da toka.

DABARAR TA DAƊE

Tun a 1775 majalisar masana kimiyya ta Faransa, a birnin Paris, ta yanke shawara ta daina duba irin waɗannan injuna, don duk wanda anka kawo mata bai yi aiki ba.

A 1813 wani mai suna Charles Redheffer ya baje injinshi a birnin New York na Amurka, mutane na biya su yi kallo. Wani injiniya, Robert Fulton, ya lura cewa juyin ba daidai shike tafiya ba. Ya cire waɗansu katakai, sai ga igiya ta bi cikin bango. Da anka bi igiyar, anka iske wani tsoho a ɗakin sama shina juya ta da hannu.

A Amurka ɗin kuma, Stanley Meyer ya ce ya ƙera mota mai tafiya da ruwa. Mutum biyu da sunka zuba kuɗinsu sunka kai ƙara. A 1996 kotun jihar Ohio ta ce zamba ce, ta umurce shi shi maida masu dalar Amurka 25.000.

Za ku ji ana cewa masu saida mai ne ke ɓoye asirin. Ku tambayi kanku: farantin sola shi ma shina rage cinikin mai, amma ga shi a kasuwar Maraɗi, kowa na iya saye. Ba duk mai haɗa irin wannan inji ne ɗan damfara ba. Akwai samari masu basira da sunka yarda da abin har zuciya. Su ilimi sunka rasa, kuma sun cancanci a koya masu.

ƊAN TASAWA DA YA BI HANYAR GASKIYA

Akwai ƙarfin da ba a biya ko tamma, shi ne hasken rana. Ɗan jiharmu ne ya fara nuna ma Nijar amfaninshi. An haifi Farfesa Abdu Mumuni a Tasawa a 1929. Ya yi karatun kimiyya a Faransa. Daga 1969 zuwa 1985 ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana ta wancan lokaci a Yamai. A nan anka ƙera tukunyar dafa abinci da rana, da abin ɗumama ruwa, da abin tace ruwa. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai ta ɗauki sunanshi a 1992. Bai taɓa cewa injinshi ba shi cin komi ba. Ya faɗi abin da shike ci, ya auna, ya rubuta don kowa shi gwada.

Da tsakar rana, fili mai metir ɗaya tsawo da metir ɗaya faɗi shina samun wajen wat 1000 na hasken rana. Farantin sola na yanzu shina maida wajen kashi ɗaya cikin biyar shi zama kuran, wato wajen wat 200. Da irin wannan lissafi anka gina tashar Malbaza a 2018, mai megawat 7, da ta Goru Banda kusa da Yamai a 2023, mai megawat 30.

Famfon sola shina da iyaka. Da dare ba shi aiki. Ƙurar hunturu na rage mashi ƙarfi, sai ana goge farantin. Kuma sai an san zurfin rijiya da girman lambu kafin a saya. Faranti mai kyau shina kai shekara 20, batir kuwa shekaru kaɗan. Shi ya sa ya fi ma mai lambu shi tara ruwa cikin tanki da rana, maimakon shi tara wuta cikin batir.

TAMBAYOYI BIYAR KAFIN KU FIDDA KUƊI

1. Mi injin shike ci? In anka ce ba komi, ku riƙe kuɗinku.

2. Ya yarda a cire batir, injin shi ci gaba da aiki?

3. Ya yarda a kai shi lambunku, shi yi kwana uku shina jan ruwa gaban shaidu, ba mai taɓa shi?

4. Shi mai tallar, da mi shike haska gidanshi? Da mi baburinshi ke tafiya?

5. Ina shagonshi? Zai ba da takardar ciniki mai sunanshi da sa hannu?

Ku da kunka yi yaƙi da jahilci, ku karanta ma sauran ƴan ƙungiya wannan takarda ranar taro. Kada a taɓa kuɗin asusun ƙungiya sai an shawarci malamin gona ko makanikin da kunka yarda da shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gumin damana ɗaya ya fi ƙarfin a bada shi don kallon minti goma.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi kare mana dukiyarmu. Amin.