"Ai Ba Ta Taɓa Ba": Tsakanin Wayar Wuta da Kwalta a Unguwar Kanawa

Kwanan baya muka maƙale a titin Ali Akilu, daidai Unguwar Kanawa a Kaduna, motoci sun yi layi har wajen tsohuwar NDA. Ma'aikatan wuta ne ke tsallakar da waya. Mai keken da ya ɗauko ni ya kashe inji ya juyo: "Malam, waya a sama, mu a ƙasa. Me ya haɗa kifi da kaska?" Wani fasinja ya ce ai duk dabarar cin kuɗin kwangila ce.

Waya dai ba a sama aka haife ta ba. Nannaɗe take zuwa a jikin ƙatuwar ganga ta katako. Sai an fara zura igiya daga turke zuwa turke, sannan igiyar ta janyo wayar. A wannan lokacin ne take iya suɓucewa ta faɗo wa mai mashin a wuya, shi ya sa ake tare hanya. A manyan layuka har dandamali ake kafawa gefe da gefen titi, a shimfiɗa raga a sama. Layin dogo ya fi wuya, don jirgi ba ya kaucewa, kuma in ya taka birki sai ya ci ɗaruruwan mita kafin ya tsaya. Ko tsohon layin nan da ya isa Kano a 1911 za a tsallaka, ko sabon da ake shimfiɗawa daga Kaduna zuwa Kano, sai an daidaita da masu jirgi tukuna.

Wannan duk na yini ɗaya ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar da ake yi bayan an gama aikin: "Ai ba ta taɓa ba." Ka ga tirela ta yi lodi har ya wuce ƙa'ida, yaron mota na zaune a ƙololuwar buhuna da sanda a hannu, yana ɗaga waya kamar mai ɗaga labule.

Babbar wuta ba ta jiran a taɓa ta. Tambayi bakanike ya nuna maka fulogin mashin: akwai 'yar tazara tsakanin ƙarafa biyu, amma tartsatsi na tsallakawa. Walƙiya ma ba da tsani take saukowa ba. Wayar 33kV haka take, tsirara ce, ba roba a jikinta, iska ce kaɗai rigarta. In ka matso ka rage mata riga. Tsuntsun da ke sauka a kan waya, wanda ake kafa hujja da shi, kuwa ba ya taɓa ƙasa ne. Yaron mota yana kan motar ƙarfe da ke tsaye a ƙasa.

Kuma tsayin da ka gani jiya ba shi ne na yau ba. Waya kamar igiyar shanya ce da aka jibga wa jiƙaƙƙun zannuwa, sai dai ita zafi ne ke sa ta saki, zafin rana da na wutar da take ɗauke da ita. Tsakanin manyan turaku biyu masu nisan mita 300, in zafinta ya ƙaru da digiri 40, tsawonta zai ƙaru da kamar taƙi guda kawai, amma cikinta zai sauko fiye da mita ɗaya. Motar da ta wuce lafiya da asubar hunturu tana iya gamuwa da ajalinta da azahar ɗin watan Afrilu.

Ƙasa ma tana tasowa. Duk wanda ya ga aikin gadar Kawo, wadda aka buɗe a Janairun 2022, ya san yadda ake cika titi da jar ƙasa da tsakuwa kafin a zuba kwalta. A garuruwanmu sau da yawa titi kan tashi, ya faɗaɗa, falwaya kuwa tana nan inda aka kafa ta tun zamanin NEPA, wani lokaci ma ta koma cikin hanya. Mai titi da mai wuta kamar kishiyoyi suke, gida ɗaya amma ba a gaisawa.

Ƙa'idar hukumar NERC ta 2015 ta ware fili mai faɗin mita 50 a ƙarƙashin layin 330kV, irin waɗanda ke shiga tashar wuta ta Mando, mita 30 ga 132kV, mita 11 ga 33kV da 11kV. Je ka ƙirga shaguna da tashoshin mota da ke cikin wannan fili.

Mu da muka kwana fiye da mako a duhu a Oktoban 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Mando ke lalace na Ugwuaji zuwa Apir kuma ya faɗi, mun san Arewa na buƙatar ƙarin layuka, kuma dole su tsallaka tituna. Tare hanya ba laifi ba ne. Amma ran nan ba sanarwa a rediyo, ba allo, ba wanda ya ce mu zagaya ta wata hanya. Tsohuwar taya ce da reshen darbejiya aka ajiye a tsakiyar kwalta.