Shara Ko Dukiya: Hanyoyin Tattara Kayan Sake Sarrafawa a Legas

Gabatarwa

A unguwar Agege aka haife ni, kuma a bakin maƙwabtanmu Hausawa na fara jin kalmar "bola". Wata damina ruwa ya shiga shagon mahaifiyata ya lalata mata buhunan gari. Da aka buɗe kwatar da ke gaban shagon, sai aka tarar ledojin ruwa da gorunan roba ne suka toshe ta. Tun daga ranar nake tambayar kaina: wa ke da alhakin kwashe waɗannan kaya, kuma ina ya kamata magidanci ya kai su? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsa tambayar, tare da ɗaukar Legas a matsayin misali.

Alhakin wa?

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya sanya kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Amma a Legas gwamnatin jiha ce ta riƙe ragamar aikin ta hannun hukumar LAWMA, wadda asalinta hukumar kwashe shara ce da aka kafa a 1977. Dalilin haka a fili yake. Hukumar ta sha bayyana cewa birnin yana fitar da shara kimanin tan 13,000 a kowace rana, kuma ɗaukar wannan nauyi ya fi ƙarfin kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin jihar guda 20. Yawancin sharar tana ƙarewa ne a manyan jujaye irin na Olusosun da ke Ojota, wanda gobara ta tashi a cikinsa a 2018.

Hanya ta farko: mota a ƙofar gida

Hukumar tana raba unguwanni ga kamfanoni masu zaman kansu. Motar kamfani ta zo ta kwashe shara, magidanci kuma ya biya kuɗin wata. Amfanin wannan hanya shi ne sauƙi. Illarta kuwa, komai yana tafiya a cakuɗe. Kwalin da ya jiƙe da miya ko manja ya tashi daga aiki, ba mai sayensa.

Hanya ta biyu: rarrabewa tun daga gida

Don magance wannan, a 2019 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da shirin Blue Box. Manufarsa ita ce kowane gida ya ware roba da kwali da gwangwani a mazubi ɗaya, sauran shara kuma a wani. Sai dai duk wanda ya zauna a gidan haya mai ɗaki goma da tsakar gida ɗaya ya san cewa samun wurin ajiye mazubi biyu ma aiki ne.

Hanya ta uku: shara a ba ka lada

A 2012 Bilikiss Adebiyi-Abiola da abokan aikinta suka kafa Wecyclers. Sun fara ne da kekuna masu ɗaukar kaya, waɗanda suke iya kutsawa lungunan da babbar mota ba ta shiga. Akan auna kayan da gida ya tara, a rubuta masa maki, daga baya ya musanya makin da kuɗi ko kayan amfanin gida. Akwai kuma cibiyoyin da mutum zai kai kayansa da kansa a ɗora a sikeli. Hikimar a nan ita ce, abin da ke da farashi ba a jefa shi a kwata.

Hanya ta huɗu: 'yan bola

Tun kafin waɗannan shirye-shirye, akwai masu yawo da buhu ko kura suna sayen tsohon ƙarfe da alminiyam da tagulla. Da yawansu matasa ne daga Arewa. Abin sha'awa ga ɗalibin harshe shi ne, sunan "baban bola" ya shiga har jaridun Turanci na ƙasar nan ba tare da fassara ba. A Arewa kuma ana ce musu 'yan gwangwan. Ana zargin wasunsu da sace murafan kwata da wayoyin lantarki, shi ya sa hukumomin Abuja suka sanar da haramta sana'ar a cikin birnin a farkon 2025. Duk da haka, ba adalci ba ne a manta cewa masu gaskiya a cikinsu suna rage wa juji kaya masu yawa, kuma ba sa karɓar albashin kowa.

Me ya rage wa ƙaramar hukuma?

A ganina abubuwa uku. Na ɗaya, ta ware ƙananan filaye kusa da kasuwanni da tashoshin mota don cibiyoyin karɓar kaya, domin babu mai hawa mota ya kai buhun gora. Na biyu, ta yi wa 'yan bola rajista ta ba su katin shaida, don a bambance mai sana'a da ɓarawo. Na uku, ta ƙarfafa aikin duba-gari, wanda mu Yarbawa muke kira "wolewole", ya riƙa wayar da kai cikin harshen da mutane suke ji, har da Hausa a wurare irin Agege da Mile 12. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024, cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara mana hujjar tambayar su.

Kammalawa

A 2024 Legas ta haramta farin mazubin abinci mai kama da soso, a watan Yulin 2025 kuma ta fara aiwatar da haramcin wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya. Amma dokar ba ta shafi ledar ruwa da gorar roba ba, wato ainihin abubuwan da suka toshe kwatarmu. Saboda haka aikin yana hannunmu. Mahaifiyata yanzu ta rataye buhu a bakin shago, kowa ya sha ruwa ya jefa ledar ciki, idan ya cika ta sayar. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai mu gwada haka a ɗakunan kwananmu. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.