Auren lemo: dabarar da ke rage shekarun jira a tsakar gida

Akasarin lemon zaƙin da ake sha a Kano daga nesa yake zuwa, musamman daga jihar Binuwai, a sauke shi a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa. Duk da haka ba a rasa magidanta a unguwanni masu cunkoso kamar Fagge da Sabon Gari da ke son ganin bishiyar lemo a tsakar gida, ko da guda ɗaya ce a gefen rijiya.

Da yawa daga cikinsu ƙwallo suke shukawa, kuma a nan matsalar take farawa. Lemon zaƙin da ya tsiro daga ƙwallo kan yi shekara shida zuwa takwas kafin ya yi fure, ga ƙaya, ga tsawon da ya fi ƙarfin ƙaramin gida. A inda ake sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan garuwa, wannan jira ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Shi kuwa ɗan aure yakan fara 'ya'ya cikin kimanin shekara uku, domin idon da aka ɗora masa daga bishiyar da ta riga ta balaga aka yanko shi.

Yadda ake ɗaura auren

Bishiya biyu ake haɗawa su zama ɗaya: gindi, wanda zai ba da saiwa, da kuma ido, wato ɗan ƙullun da ke hammatar ganye, wanda zai zama rassa.

Idan gindin ya kai kaurin fensir, sai a tsaga ɓawonsa da reza, tsaga ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance a ƙarƙashinta. Daga nan a feƙe ido daga reshen lemon da ake so, a zura shi ƙarƙashin ɓawon, a naɗe da leda sosai. Ana yin tsagar kwancen daga ƙasa ne domin kada ruwan sama ya kwanta a cikin raunin.

Bayan mako biyu zuwa uku ake kwance ledar. In idon na nan kore shar, aure ya kama. In ya yi baƙi, sai a sake a wani gefen. Wanda ya kama, ana datse kan gindin daga saman idon, domin ƙarfin bishiyar ya koma ga sabon toho. Duk wani tsiron da ya fito daga ƙasan mahaɗar kuwa cire shi ake yi, in ba haka ba gindin zai rinjayi idon, mai gida ya wayi gari da lemon da bai nema ba.

Aikin ba ya yiwuwa sai ɓawo na saɓuwa cikin sauƙi. A Kano farkon damina ne ya fi dacewa. Iskar hunturu da zafin bazara kan busar da idon kafin ya manne.

Zaɓen gindi

Abin da mai shan lemo ba ya gani shi ne ya fi muhimmanci. A shekarun 1930 da 1940 wata cuta da ake kira Tristeza ta kashe miliyoyin bishiyoyi a Ajantina da Brazil, saboda kusan duka an aura su ne a kan gindi iri ɗaya, wato lemo mai ɗaci, wanda haɗinsa da lemon zaƙi ba ya jure cutar.

Wannan ne ya sa ƙaramin lemon tsamin da ke ko'ina a gidaje, duk da sauƙin samunsa, ba gindin kirki ba ne: shi ma cutar na kama shi ƙwarai. Irin da masana ke kira Rough Lemon ya fi jure fari, ga saurin girma, to amma ba ya son ruwa ya kwanta masa. Irin Cleopatra kuwa yana da nawa, sai dai ya fi jure gishiri, abin da ke da amfani a tsakar gidan da ruwan wanki ke malala. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda cikin jihar Kano, inda mai neman shawara kan iri zai iya dosa.

Kazalika tsayin mahaɗar na da tasiri. Ana so ta kasance aƙalla santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa, kuma kada a binne ta lokacin dashe. Laima a jikin kututture ce ke jawo cutar da ke sa ɓawo ya riƙa zubar da ƙaro har bishiyar ta bushe, kuma lemon zaƙi na cikin waɗanda ta fi yi wa illa.

Akwai kuma haɗarin da ke tafe a cikin idon kansa. Cutar nan da ke hana lemo nuna, wadda ta durƙusar da gonakin jihar Florida ta Amurka tun bayan ɓullarta a 2005, tana bin reshen da aka yanko daga bishiya mai ɗauke da ita, kuma har yanzu ba ta da magani. A 2020 masana suka ba da rahoton ganin ƙwaron da ke yaɗa ta a jihar Oyo. Don haka ba a karɓar ido daga bishiyar da ganyenta ya yi dabbare-dabbaren rawaya, komai zaƙin 'ya'yanta, kuma ana tsoma rezar a ruwan bilic kafin a taɓa wata bishiyar da ita.