Tantance Ƙwanson Halittun Teku da Yadda Lu'ulu'u Ke Samuwa

1.0 Gabatarwa

Hausawa na amfani da kalmar lu'ulu'u wajen ambaton abubuwa biyu mabambanta: dutse mai daraja da ake haƙowa a ƙasa, da kuma ƙwayar da ke samuwa a jikin kawa, wata halittar teku mai ƙwanso. Wannan ya sa ɗalibai da dama ke ɗauka cewa haƙo shi ake yi. Manufar wannan bayani ita ce taimaka wa malami ya warware ruɗanin.

2.0 Tantance Ƙwanso

Abu na farko da za a duba shi ne yawan ɓawo. Akwai mai ɓawo ɗaya, wanda galibi a murɗe yake, kamar katantanwa. Wuri, wanda aka riƙa kawowa daga tsibiran Maldibs har ya zama kuɗi a ƙasar Hausa, yana cikin wannan rukuni, sai dai murɗinsa a ɓoye yake. Akwai kuma mai ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa, kamar ƙumbar rafi. Kawar lu'ulu'u tana rukuni na biyu, kuma ana gane ta da ƙyallin cikin ɓawonta.

3.0 Samuwar Lu'ulu'u

Kawa tana da wata siririyar fata mai fitar da sinadarin da ke gina ɓawonta. Idan ƙwaro ya kutsa ciki, ko fatar ta ji rauni, sai ƙwayoyin fatar su yi wata 'yar jaka su kewaye wurin. Jakar ce ke shafa kalsiyam kabonet, irin na ɓawon ƙwai, haɗe da furotin, shafi bisa shafi, har ƙwaya ta haɗu cikin shekaru. Saboda haka, zancen da ya yaɗu cewa ƙwayar yashi ce mafari ba shi da ƙarfi a wurin masana.

A shekarar 1893 Kokichi Mikimoto na Japan ya yi nasarar samar da lu'ulu'u ta hanyar kiwon kawa. Yaɗuwar wannan kiwo na cikin dalilan durƙushewar sana'ar nutso a Bahrain a shekarun 1930.

4.0 Kammalawa

Ya kamata manhaja ta keɓe "lu'ulu'u" ga abin da kawa ke samarwa, ta bar "daimon" ga dutsen. Haka kuma malami ya zo aji da wuri da katantanwa da ƙumba, ɗalibai su rarraba su da hannunsu kafin a shiga bayani, domin gani ya kori ji.