Magungunan Taɓin Hankali: Fa'idarsu da Illarsu

Malaman usulu sun lissafa hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su, tare da addini, da rai, da nasaba, da dukiya. Saboda haka duk abin da zai zama sanadin dawo wa bawa da hankalinsa bayan ya gushe, ya cancanci a yi masa duban tsanaki.

Kafin tsakiyar ƙarnin da ya shige, wanda hauka ya kama, a Turai ne ko a ƙasarmu, galibi makomarsa kulle ce, ko mari da turu. A ƙarshen 1950 wani masanin haɗa magunguna a Faransa, Paul Charpentier, ya haɗa chlorpromazine, wanda aka sani da Largactil. A 1952 kuma likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka jarraba shi a asibitin Sainte-Anne da ke Faris, sai ga marasa lafiyar da suka shekara suna jin muryoyin da babu mai yin su, suna zargin kowa da nufinsu da sharri, sun natsu har ana iya zance da su. Haloperidol ya biyo baya daga Beljiyam a 1958.

Hikimar aikin waɗannan magunguna ita ce rage tasirin wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna dofamin. To, da yake sinadarin nan shi ne kuma yake daidaita motsin gaɓoɓi, sai illa ta ɓullo ta ƙofar da fa'ida ta shigo. Akan ga kakkarwar hannu, da sandarewar jiki, da dalalar miyau, da kasa zama wuri guda. Wani wuyansa ya murɗe, idanunsa su kafe sama, har dangi su ɗauka iska ce ta buge shi, alhali allura guda tana warware abin. Wanda ya daɗe yana sha, bakinsa da harshensa na iya riƙa motsi ba da nufinsa ba, wani lokaci ma abin ya zauna. Magungunan baya-bayan nan, irin su olanzapine da risperidone, sun rage wannan wahala, amma na farkon yakan kawo ƙiba da ciwon suga, na biyun kuma yakan rikita al'adar mata. Clozapine kuwa, wanda yakan yi aiki inda sauran suka gaza, yana iya karya fararen ƙwayoyin jini, kamar yadda ya halaka mutane a Finlan a 1975, shi ya sa ba a ba da shi sai da awon jini a kai a kai. Hatta benzhexol, da ake bayarwa don kwantar da kakkarwar, wasu matasanmu sun mai da shi abin maye.

Ƙa'idar fuƙaha'u ce idan cuta biyu suka haɗu a ɗauki mafi sauƙinsu, kuma ita ce ma'aunin likita a nan. Babban kuskuren iyalai shi ne yanke magani farat ɗaya, don sun ga sauƙi ya samu ko don illa ta tsorata su, alhali mafi yawan waɗanda suka daina, ciwon yakan dawo musu. Wajibinsu shi ne su koma asibiti, ko Dawanau ne, ko Barnawa, ko Kware, su bayyana abin da suka gani, domin likita na iya rage awo, ko ya sauya magani, ko ya mai da shi allurar wata-wata. Amma zazzaɓi mai tsanani tare da sandarewar jiki da ruɗewa, wannan ba ya jiran wayewar gari, gama rai ne a kan siraɗi.