Tashar Jiragen Ruwa ta Apapa: Tarihinta, Tsarinta da Yadda Take Aiki

Yawancin kayan ƙasashen waje da ake gani a kasuwannin Kano da Kaduna da Sakkwato, tun daga kayan gyaran mota har zuwa magunguna da na'urorin masana'antu, ta Ikko suke shigowa, watau Legas. A can kuwa babu tashar jiragen ruwa da ta kai ta Apapa daɗewa da shahara. Wanda ya bi tarihinta zai ga cewa kaya ba sa wucewa sai gwargwadon faɗin wurin da ya fi ƙunci a hanyarsu. A Apapa wannan ƙunci ya zauna a wurare uku, ɗaya bayan ɗaya: da fari a bakin teku, sa'an nan a matsayar jirage, daga baya kuma a kan hanyar mota.

Yashi a bakin teku

Birnin Ikko yana gefen wani babban tafki ne wanda ya haɗu da Tekun Atlantika ta wata kafa guda ɗaya. A da, igiyar ruwa takan tara yashi a bakin wannan kafa, har ya zama manyan jirage ba sa iya shiga. Sai su tsaya a waje, ko kuwa su zarce Forkados, a juye kayansu cikin ƙananan jirage waɗanda za su iya haye yashin. Wannan aiki yana cin lokaci da kuɗi, ga kuma asarar kaya da rayuka in teku ta yi fushi.

A shekarar 1906 gwamnatin mulkin mallaka ta amince da a sayo jiragen yashe ƙasa, a kuma fara gina katangar duwatsu wadda za ta miƙe cikin teku daga gabashin kafar. Daga baya aka yi wata daga yamma. Duwatsun kuwa daga Aro, kusa da Abekuta, jirgin ƙasa ya riƙa kawo su. Amfanin katangun shi ne su tare yashin da ke zuwa daga yamma, su kuma matse ruwan da ke fita daga tafki don ya riƙa share hanyar da kansa. A ranar 1 ga Fabrairu, 1914, jirgin wasiƙu ya shiga har cikin tafkin, ƙofar teku ta buɗe ke nan. Amma da yake an tare yashin, sai teku ta shiga cin gaɓar da ke gabas, watau Bar Beach, har shekaru masu yawa.

Dalilin zaɓen Apapa

Tsohuwar matsayar jirage tana tsibirin Ikko ne, hanyar jirgin ƙasa kuwa a Iddo ta tsaya, saboda haka dole a yi wa kaya fito tsakaninsu. Ita kuwa Apapa tana ɓangaren tudu, inda za a iya jawo dogo har gindin jirgin ruwa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, daga 1912 kuma gyaɗa ta fara gangarowa kudu, tafiyar wajen mil 700, tare da auduga da fatu da kuzar Jos. Don haka aka yanke shawarar gina tasha a Apapa a 1913, aka fara aikin matsaya huɗu masu zurfi a 1921, tsawonsu duka ƙafa 1,800, aka gama a 1926. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙara ƙafa 2,500. A 1954 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya, ta kuwa kama aiki a watan Afrilu na 1955.

Tun a wancan zamani an ga alamar cewa tasha da dogo abu ɗaya ne. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ake alfahari da ita, ba yawan noma kaɗai ya gina ta ba. Har da ƙarancin wagunu, domin buhuna sukan yi watanni suna jiran jirgin da zai kai su Apapa.

Yadda tashar take

Jirgin da ya taso daga teku yakan tsaya a waje tukuna, sai Hukuma ta aiko masa da jagora, watau ma'aikacin da ya san zurfin hanyar ciki da bai. Shi zai hau jirgin ya bi da shi tsakanin katangun nan biyu, ya miƙe arewa, tsibirin Biktoriya yana dama, ma'ajiyar mai ta Atlas Cove tana hagu. In an matso, sai ƙananan jirage masu ƙarfi su riƙa jansa suna tura shi har ya jingina da matsaya, a ɗaure shi da igiyoyi. Matsayun Apapa suna fuskantar tsibirin Ikko ne. Wani reshen ruwa kuma ya yi yamma wajen Badagiri, a bakinsa tashar Tin Can take.

An rarraba tashar bisa ga irin kaya. Akwai sashen kwantena, watau manyan akwatunan ƙarfe masu tsawon ƙafa 20 ko 40, inda dogayen ƙugiyoyi suke ɗauko su daga jirgi, a jibge su a fili ɗaya bisa ɗaya. Akwai sashen kayan zube, kamar alkama da ɗanyen sukari, waɗanda ake zuƙowa ko a kwaso su daga cikin jirgi; shi ya sa masana'antar fulawa da matatar sukari suke manne da tashar. Akwai kuma sashen kaya iri iri, kamar ƙarafa da kifi da buhunan taki, da wuraren sauke man fetur.

Sauke kaya rabin aiki ne. Kafin kwantena ta fita, sai wakilin mai kaya ya gabatar da takardu, ma'aikatan kwastan su ƙiyasta haraji, a biya, a bincika kayan, a biya kamfanin jirgi da na tasha haƙƙinsu, sa'an nan mota ta shigo ta ɗauka. Akan ba mai kaya 'yan kwanaki kyauta. In suka wuce, kowace rana da kuɗinta. Wannan kuɗi kuwa a ƙarshe mai saye a kasuwa ne yake biyansa.

Shekarar siminti

Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, aiki ya tsaya a tashar Fatakwal, nauyi duka ya komo kan Ikko. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga kuɗin man fetur. Hukumomin gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne, alhali kuwa tashar ba za ta iya sauke wannan ba ko a shekaru da yawa. A 1975 jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, waɗansu har watanni, ana biyan kowannensu kuɗin jira kullum. Siminti ya daskare a cikin waɗansu, magunguna da abinci kuma suka rasa hanyar shiga. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tsai da jigilar, ta sa aka yi bincike, daga baya kuma 'yan kasuwa suka kai Babban Bankin Nijeriya ƙara a kotunan Ingila da Amurka.

Wannan masifa ita ta sa aka gina tashar Tin Can cikin gaggawa. Kamfanin Julius Berger ya yi aikin, aka buɗe ta a watan Oktoba na 1977. A 1979 kuma aka gama faɗaɗa Apapa karo na uku, har da sashen kwantena.

Ƙunci ya koma tudu

A 2006 gwamnati ta ba kamfanoni hayar sassan tashar, Hukuma ta zama mai gida, tana kula da hanyar ruwa da jagorancin jirage. Kamfanin APM Terminals ya karɓi sashen kwantena. Sauke kaya ya yi sauri, amma a lokacin jirgin ƙasa ya riga ya durƙushe, kusan kome ya koma kan manyan motoci. Hanyoyin shiga Apapa kuwa biyu ne rak: ta Ijora, da babbar hanyar Oshodi. Ga kuma rumbunan man fetur da aka giggina a unguwar, tankoki daga ko'ina suna zuwa lodi. Ya zama a wajen 2017 zuwa 2020 direba yakan kwana da kwanaki, wani lokaci makonni, a kan gada kafin ya ga ƙofar tasha. Riɗi da citta da zoɓo da aka ɗauko daga Arewa don fitarwa suka riƙa makara, masu su suna asara.

An ɗauki matakai. A Fabrairu na 2021 aka fito da tsarin kiran motoci ta intanet, don kada mota ta taso sai an ba ta lokaci. A wannan shekara aka buɗe sabon dogo daga Ikko zuwa Ibadan, reshensa ya shiga har cikin tashar. A 2023 aka buɗe tashar Lekki, mai zurfin mita 16.5, wadda take karɓar jiragen da suka fi ƙarfin Apapa. An kuma buɗe tashoshin tudu a Kaduna a 2018 da Kano a 2023, domin ɗan kasuwa ya gama da kwastan a kusa da gida.

To, amma tashar tudu ba ta da rai sai da jirgin ƙasa mai zuwa a kan kari, sabon dogon kuwa bai riga ya haɗa Ibadan da Arewa ba. Waɗanda suka zaɓi Apapa a 1913 saboda dogo suka zaɓe ta. Ma'aikacin da ke tsara kasafin ayyuka, da ɗalibin da zai gaje shi gobe, ya kamata su riƙa lissafin tasha da hanyarta a takarda ɗaya, domin ko an ƙara matsaya goma a bakin ruwa, buhun riɗin manomin Jigawa ba zai isa jirgi ba sai hanyar da ke bayan tashar ta ba shi wuri.