Abin da ya kamata ku sani kafin 'yarku ta koyi tsara kayan mata a Zuru

Yarinyar da aka kai shagon tela a Zuru yawanci da shara da guga take farawa, sai sa maɓalli da kalmasa, kafin a yarda ta taka keke. Iyaye da yawa gani suke da zarar ta iya haɗa riga da zani shi ke nan, a yi walimar yaye. Alhali ɗinki daban, tsara kaya daban. Mai ɗinki kwaikwayon hoton da aka nuna mata a waya take yi. Mai tsarawa kuwa ita ke yanke inda ado zai zauna, da inda za a ƙyale yadi haka nan.

Karatun farko sanin yadi ne. Atamfa ta zo da zanenta, in aka lafta mata surfani sai su yi ta kokawa, ido ya rasa inda zai tsaya. Shadda, da yake launinta ɗaya ne kuma tana da ƙarfi, ita ke ɗaukar aiki mai nauyi a wuya da hannu. Leshi ramukansa sun ishe shi ado, sai dai ɗan dutse. Yadin abaya mai santsi kuwa yamutsewa yake a ƙarƙashin allura in ba a shimfiɗa masa abin da zai riƙe shi ta ciki ba. Kuma a wanke guntun zare a gani tukuna, don jan zaren da ya zuba a farar shaddar amarya ba ya gyaruwa.

Sai zane, wanda aka fi rainawa. A sana'ar babbar riga tun da can, mai zana aska biyu ko aska takwas a jikin yadi sau da yawa daban yake da mai ɗinkewa, kuma ladansa daban. A birnin Zariya mata sun shiga wannan aiki da a da na maza ne, har wasu suka kafa ƙungiyar Queen Amina Embroiderers a 1994, suna ɗora tsofaffin zanen riga a kan kayan mata da na adon ɗaki. Ɗalibar da ke son ta kai nan sai ta riƙe littafi da fensir, ta zana fure ɗaya ta hanyoyi da dama kafin ta taɓa alli. A ganina, wadda ta fara da allurar hannu ta fi gane keken surfani daga baya, ta kuma fi gane abin da za ta umarci injin kwamfuta ya yi. Injin yana da sauri, amma abin da aka ba shi kawai yake maimaitawa, ga shi ba ya motsi sai da wuta ko janareta.

Zuru tana da wata riba da ba kowane gari ba. Ana ɗinkin Sallah, ana na Kirsimeti, ga bikin Uhola na al'ummar Lelna, ga ankon biki da na zumuntar mata a coci. Wannan na son doguwar riga mai yalwa da mayafi, waccan riga da siket da ɗaurin kai. Mai koyo a nan tana iya saba wa ɗanɗano iri-iri tun tana ƙarama. Matsalar ita ce kaya: zare mai kyau da duwatsu da shadda galibi sai an yi oda daga manyan kasuwanni irin Kantin Kwari a Kano, kuɗin mota kuma a kan farashi yake sauka. Dole ta koyi lissafin yadi da zare da lokacinta, in ba haka ba ta yi ta wahala a banza.

Ga mai son takarda, jami'ar tarayya da ke Zuru ta aikin gona ce, don haka sai an fita. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da sashen zanen masana'antu, inda ake koyar da saƙa, rini da buga zane a yadi. Hukumar NABTEB tana shirya jarrabawar sana'o'i, hukumar samar da aikin yi ta NDE kuma tana haɗa matasa da masu koyarwa. Ko ina za ta nufa, ta riƙa ɗaukar hoton kowane aiki da ta gama, ta adana guntun yadin tare da zanensa na farko, don su za ta nuna in an tambaye ta abin da ta iya.